Addu'ar Wayewar Gari Tare da Ƙananan Yara

Za mu duba addu'ar da iyaye ke yi da ƙananan 'ya'yansu da safe, da kuma fahimtar da aka gina ta a kai, wato cewa wayewar gari kyauta ce daga Allah, ba bashi ba ne da ɗan Adam yake bi.

Bahaushe na kiran barci ƙanin mutuwa, kuma maganar ta dace da aya ta 42 ta Suratuz Zumar, wadda ta bayyana cewa ana karɓar rayuka a lokacin barci, a riƙe waɗanda ajalinsu ya cika, a saki sauran zuwa wani lokaci ƙayyadadde. Shi ya sa addu'ar tashi daga barci, wadda Bukhari ya ruwaito, ta kasance godiya ga wanda ya mayar wa bawa ransa, kuma shi ya sa da wuya a ce "sai gobe" a gidan Bahaushe ba a amsa da "Allah ya kai mu" ba.

Azkar, jam'in zikiri, su ne kalmomin ambaton Allah da aka tanada domin lokuta na musamman, kuma Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya tattara su a littafinsa Al-Azkar. Sai dai ɗan shekara 3 ba daga littafi yake ɗauka ba. Yana ɗauka ne daga uwar da ta zaunar da shi a gefen darduma, ta buɗe masa tafukan hannunsa, ta faɗi kalma biyu ya maimaita da gwarancinsa, sannan su shafa tare kafin a zuba koko.

Iyaye da yawa sun ɗauki hadisin Abu Dawud na umartar yara da salla a shekara 7 tamkar izinin jira, har sukan sallama wa malamin Islamiyya komai, kuma wannan kuskure ne, domin shekara 7 lokacin umarni ne, sabo kuwa tun kafin nan ake shuka shi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya sake ɗaukarta. Uban da ya dawo daga masallacin asuba ya tashi yara da tsawa kuwa, ko da ya bi bayanta da addu'a, tsawar ce yaran za su riƙe har a tashi daga makaranta.