Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Sana'ar Faiba a Maiduguri



An roƙe ni in taƙaita, ga shi rana ma ta goyi bayan mai roƙon. To, bari in shiga magana.

Sana'ar da kuka koya ba ta kai shekara ɗari a duniya ba. A 1938 aka kafa kamfanin Owens Corning a Amurka don sayar da zaren gilashi. A 1953 motar Corvette ta fito da gangar jikin faiba, wato zaren gilashi da aka jiƙa da rezin. Yau jirgin sama samfurin Boeing 787, kusan rabin nauyinsa zare ne da aka jiƙa da rezin, galibi zaren kabon, kuma gangar jikinsa gunduwa-gunduwa ake naɗa ta a kan wani ƙaton mazubi mai juyawa. Aikin da kuke yi da buroshi da rola a ƙarƙashin rumfar kwano, jinsinsu ɗaya da wancan. Girma ne ya bambanta, sai kuma tsabta.

Shimfiɗa faiba a yi murfi ko kujera, ko yaro ma zai iya cikin mako guda. Inda ake gane gwani shi ne abu mai kogo: tanki, bututu, silinda, ɗakin iska na kwale-kwale. Ka rufe abu ta kowace fuska, ta ina za ka fitar da mazubin?

Kakanninmu masu yin tandu sun amsa wannan tambaya tun kafin a haifi kowa a wurin nan. Sai su gina siffar da yumɓu, su lulluɓe ta da jiƙaƙƙiyar fata, su shanya. In fatar ta ƙame, su farfasa yumɓun, su zazzage shi ta baki, ga mazubin kwalli ko na mai ya fito babu ɗinki. Manyan masana'antu na yin haka har gobe da yashi ko gishirin da ruwa ke narkarwa. Wasu kuma balan-balan suke sawa a ciki su hura, ta danne zaren a jikin mazubi, sannan a sace iskar a zaro ta. Haka ake yin firam ɗin kekunan tsere. Bututu da silindar gas, naɗa zare ake yi a kan sanda mai juyawa, kuma kusurwar naɗin ita ke nuna matsin da za su ɗauka.

Ku dai hanyar da za ku fi ci da ita ita ce ta ɓari biyu: a yi kowane ɓari a mazubinsa, a haɗa. A nan nake so ku buɗe kunne. Tanki bai cika tsagewa a ciki ko a baya ba, galibi a mahaɗa yake tsagewa. In ba ka goge bakin ɓarin da sanfefa ba, in ka bar kakin da ka shafa wa mazubi a jikinsa, in ba ka bi mahaɗar da tsirin zare ciki da waje ba, to ka sayar wa mutum yoyo ne, sai dai bai sani ba tukuna. Mai saye fenti yake gani. Ba zai zura kai ya ƙirga shimfiɗa nawa ka yi ba, ba zai ga farin tabon da kumfar iska ta bari ba. An kawo mini tanki wata rana, waje sumul kamar na kanti, da muka yanka sai ga shimfiɗa biyu inda ya kamata a ga huɗu, an cika rezin da hoda don ya yi auki. Ba zan faɗi shagon ba. Ya ma rufe.

Sai maganar zafi. Takardar da ke jikin durom ta rezin, an rubuta ta ne don ɗaki mai digiri 20 zuwa 25. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Hadina, ruwan da ke ƙamar da rezin, in za ta ba Bature minti ashirin, ku kafin ku gama ɓari ɗaya kwaɓin ya daskare a roba, har ya ɗau zafi yana hayaƙi. Kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ake zubawa, a bazara ku tsaya kusa da ɗaya, kuma da sirinji, ba da "na saba" ba. Ku kwaɓa kaɗan-kaɗan. Ku fara da an sallame asuba, kafin hantsi ya dubi ludayi kun wanke hannu. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, a rufe rumfa. Hadina in ta shiga ido tana makantarwa, kuma kada a kuskura a haɗa ta kai tsaye da ruwan nan mai launin shuni da ke gaggauta bushewa, wuta ce. Wanda zai shiga cikin tanki ya yi aiki, a tsayar da mutum a baki da fanka, don warin rezin na sumar da ƙato.

Me ya sa na dage haka? Kowa a wurin nan ya tuna 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu. Ranar kwale-kwale ya fi mota daraja a titunan garin nan. Kwale-kwalen faiba ba kamar na katako ba ne: in ruwa ya cika shi nutsewa yake yi, domin faiba ta fi ruwa nauyi. Abin da ke riƙe shi a sama shi ne ɗakunan nan da aka toshe a ƙarƙashin mazauni da goshi, masu iska ko soso. Wato rayuwar mata da yaran da ke ciki ta rataya ne a kan mahaɗar da babu wanda zai taɓa leƙawa sai kai da ka yi ta.

Kasuwa kuwa tana nan. Masuntan Baga na son jirgi da akwatin ƙanƙara. Kowace rijiyar burtsatse mai sola na son tanki, amma na ruwan sha rezinsa daban ne, kuma sai ya gama nuna sarai kafin a zuba ruwa. Masu haɗa motocin lantarki a garin nan, irin su Mustapha Gajibo, su ma kasuwa ne, domin duk kilo ɗaya da aka rage wa mota ƙarin tafiya ne ga batirinta.

Ina da roƙo biyu ga hukuma. Rezin da zare daga nesa ake kawo su, ga rezin ba ya jure ajiya a zafi. A taimaka wa yaran nan da ma'ajiya mai sanyi da za su riƙa sayen ɗan abin da suke buƙata. Sannan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat da Jami'ar Maiduguri su buɗe musu ƙofar gwaji, a matsa tankinsu da ruwa, a karya samfurinsu a gani, kafin ya je hannun jama'a.

  Shugaban taro, na mayar maka da makirufo, a kira ɗaliban ɗaya bayan ɗaya su karɓi takardunsu.