Awon Ciki Tun da Wuri

Jama'a, ku saurara. Matanmu da yawa sukan ɓoye ciki don kunya, ba su zuwa awo sai ya fito. Ashe tuni ɗa ya yi nisa.

A mako na 6 zuciyarsa ta soma bugawa. A mako na 8 girmansa kamar ƙwayar wake, amma hannuwa da ƙafafu sun tsiro. Lokacin nan ne shan magani barkatai ya fi yi masa lahani.

A asibiti za a auna jini da fitsari, a ɗauki hoton ciki. In akwai ƙarancin jini ko hawan jini, a tare shi.

Masu gida, mu kai matanmu awo kafin wata 3 ya cika. Riga-kafi ya fi magani.