Farar riga da bakin teku: abin da na gani a aikin sa kai a Gana

 

An nemi in yi magana kan aikin sa kai a asibitin ƙasar waje, don da yawa cikinku kun ga tallan nan da ke yawo a Facebook da WhatsApp. Hoton ɗalibi ne sanye da farar riga yana rungume da yaro, a gefensa kuma yashi da itacen kwakwa da shuɗin teku. Saƙon kullum ɗaya ne: zo ka ceci rayuka daga Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadi ka huta a bakin ruwa. Turawa aka fi yi wa tallan, amma mu ma ya fara shiga ranmu, kuma ina ganin gara mu tattauna kafin wani ya sa iyayensa su sayar da bisashe don ya tafi.

Ni ƴar Damagaram ce, ina karatun likita a Yamai. A babban hutu, bayan shekarata ta huɗu, na yi mako shida a wani asibitin gunduma da ke gaɓar tekun Gana, yamma da Akra, ba nisa da Elmina. Ba ta hannun kamfani na tafi ba. Wani malaminmu ne ya rubuta wa abokin aikinsa takarda, na sauka kuma a gidan wata gwaggona da ta yi aure a zango shekaru da dama. Kun san mutanenmu da Kurmi ba yau aka fara ba, tun zamanin fataken goro da ke zuwa Gwanja ake bin hanyar nan.

A asibitin na tarar da baƙin ɗalibai daga Turai da Amurka. Akasarinsu ta kamfanonin shirya irin wannan tafiya suka zo: ka biya kuɗi, a ba ka masauki da abinci, a kai ka asibiti da safe, a shirya maka yawon buɗe ido a ƙarshen mako. Wasu sun yi nisa a karatu kamar ni. Wasu kuwa ko shiga makarantar likita ba su yi ba tukuna, sun zo ne su samu abin rubutawa a takardar neman gurbi. Kuma dukanmu farar riga ɗaya muke sawa. To ku dubi lamarin ta idon tsohuwar da ta zo daga ƙauyen masunta tun asuba. Ta ga Bature da farar riga da abin sauraron ƙirji a wuya. Me za ta kira shi? Likita mana. Ba wanda zai ce mata wannan yaron bara ya gama sakandare.

Wata rana aka kawo wani matashi da adda ta sare shi a ƙafa. Ɗaya daga cikin baƙin, wanda bai taɓa riƙe allurar ɗinki ba sai a kan ɓawon ayaba, ya roƙa a bar shi ya ɗinke. Babbar ma'aikaciyar jinya, irin wadda muke kira manjo a nan, ta tambaye shi: a ƙasarku za a bar ka? Ya ce a'a. Ta ce to a nan ma haka ne, tsaya ka riƙe fitila ka kalla. Ya riƙe fitila. Wallahi matar nan ta burge ni, amma ku sani ba kowane asibiti ke da irinta ba. Inda ma'aikata suka yi kaɗan kuma layi ya yi tsawo, ko inda kamfanin ke ba asibiti wani abu a kan kowane baƙo, da wuya a ce wa baƙo a'a.

Wannan tambayar tata ita ce ma'aunin da nake so ku riƙe. Abin da ba a yarda ɗalibi ya yi shi kaɗai a asibitin Paris ko na Yamai ba, talaucin majinyaci ba ya halatta shi a wani wuri. Ana yawan cewa ai da babu gara ba daɗi. A aikin likita wannan magana tana da haɗari. Ɗinkin da aka yi a kan ƙazamin ciwo yana rufe ƙwayoyin cuta a ciki. Ƙarin ruwa da aka sakar wa yaro mai tamowa da sauri yana iya fin ƙarfin zuciyarsa. A garin Jinja na Uganda an yi wata Ba'amurkiya da ba ta da horon likita, ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa, yara fiye da 100 suka rasu a can. Iyaye mata biyu suka kai ta kotu a 2019, aka sasanta a 2020, aka biya su kuɗi ba tare da ta amsa laifi ba. Na tabbata da niyyar taimako ta fara.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Kowane baƙo yana cin lokacin ma'aikata: a nuna masa inda safar hannu take, a fassara masa abin da majinyaci ya ce da Fante, a sa masa ido kada ya yi ɓarna. Mai mako biyu, kafin ya gane kan asibitin lokacin tafiyarsa ya yi, sabo ya zo a sake daga farko. Ga kuma ɗaliban jinya ƴan ƙasar da ke sitaj ɗinsu a wurin, waɗanda su ne gobe za su riƙe asibitin. Idan aka tura su baya a ɗakin haihuwa don baƙo ya samu wurin tsayawa, wa aka taimaka?

Sai batun hoto. Na ga an ɗauki yaro yana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, uwarsa na zaune ba a ce mata uffan ba, da yamma hoton yana intanet. Mu ma muna yin wannan, kada mu ɗora wa Turawa kaɗai. Sirrin majinyaci amana ne. Matar da ke jiran a duba ɗanta kuwa, in mai farar riga ya ce zai ɗauki hoto, ba za ta iya ƙi ba ko da ranta bai so, don tana tsoron kada a yi watsi da ita.

Kada ku ɗauka cewa nake tafiyar ba ta da amfani. Na ƙaru ƙwarai. Na ga yadda inshorar lafiya ta ƙasa, wadda Gana ta kafa a 2003 don ta maye gurbin tsarin biya kafin a duba ka, ke aiki a zahiri: wanda katinsa ke da rai ya wuce, wanda nasa ya ƙare ya tsaya lissafin aljihu. Na riƙa kwatanta shi da namu tsarin na kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, wanda aka fara a 2006. Kowanne da inda yake ɗingishi, amma sai ka ga na wani kake gane naka.

Amfanin da ni na yi musu kuwa daga bakina ya fito. Mutanen zango da ƴan ci-ranin ƙasarmu suna zuwa asibitin, wasu ba Ingilishi ba Fante. Da aka gane ina jin Hausa sai aka riƙa kirana. Na tuna wata mata da ta dawo da ɗanta karo na biyu da masassarar cizon sauro. Da na zauna da ita na ce, inna, yaya kika ba shi maganin? Ta ce kwana ɗaya ta ba shi, jiki ya yi sanyi, ta ajiye sauran don wata rana. An yi mata bayani a karon farko, amma da harshen da ba ta ji, ita kuma kunya ta hana ta tambaya. Na faɗa mata da Hausa: sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, a haɗa da nono ko abinci mai maiƙo, kuma ko yaro ya tashi yana wasa sai an ƙarasa. Minti biyar ke nan. Ban taɓa allura ba, amma a mako shidan nan ban yi aikin da ya fi wannan ba. Sauran lokacin awon zafin jiki ne, da gwada hawan jini, da tura keken majinyata, da kallo, da tambaya.

Don haka in kana da niyyar tafiya, ka fara kiran abin da sunansa: koyo za ka je yi, su ne masu yi maka alheri. Ka nemi sunan likitan da zai kula da kai kafin ka tashi, a rubuce, tare da takardar makarantarku. In ta kamfani ne, ka tambaya nawa ne cikin kuɗinka ke isa asibitin, kuma in sun yi maka alkawarin za ka karɓi haihuwa ko ka yi ɗinki da kanka, ka guje su. Ka gaya wa kowane majinyaci cewa kai ɗalibi ne. Ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B tun da wuri, ka riƙe katin rigakafin shawara don ana nemansa a shiga Gana, ka kuma san inda ake samun maganin kariya daga sida idan allurar da aka yi wa wani ta soke ka, don cikin awa 72 ake fara shi, kuma da sauri ya fi. Wanda bai da halin tafiya kuma kada ya ji an bar shi a baya. Da damina, lokacin rabon maganin kariya daga masassara ga ƙananan yara, cibiyar lafiyar unguwarku na neman hannu, kuma can ba ka buƙatar tafinta.

To, teku. Na je, kuma ban ga laifin zuwa ba. Wanda ya tashi a Damagaram, ranar da ya fara ganin ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar, sai ya rasa abin cewa. Abin da nake ƙi shi ne a yi tafiyar hutu a lulluɓe ta da farar riga. In kun je Elmina kuma, kada ku tsaya a yashi kawai. Ku shiga gidan dutsen da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ku ga ɗakunan da aka tsare bayi da ƴar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi. Da yawa cikin waɗanda aka bi da su ta gaɓar nan daga arewa aka kamo su. Bayan ka fito daga wurin, yadda kake kallon baƙo mai ɗaukar hoton baƙin yaro yana canzawa.

Gargaɗi na ƙarshe, kuma da gaske nake. Tekun nan ba tafkin da muka saba wanka a ciki ba ne. Akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi, saman ya yi kamar ya lafa, alhali nan ne ya fi ja. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce gwiwarsa. Wanda ya iya kuma ruwan ya ja shi, kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, don gajiya ce ke kisa. Ya bar jikinsa ya taso, ya yi iyo gefe, a layi ɗaya da gaɓar, har ya fita daga inda ake jan. Kafin ku shiga ku tambayi masunta inda ya dace. Ranar Talata ma ba sa fita kamun kifi bisa al'adarsu, za ku same su a bakin ruwa suna gyaran koma.

 Wanda ke da tambaya, bismilla.