Kuɗinmu na tafiya, garanti ba ya zuwa

Jawabin da ɗaya daga cikinmu ya yi a zaman matasa a Filinge



Yau zancen kwamfuta na zo da shi, ko ordinatar kamar yadda muke ce mata. Na san wani zai ce, kai malam, ga matsalar tsaro, ga tsadar hatsi, sai kwamfuta? Ku yi mini haƙuri kaɗan.

Kwamfuta uku na riƙe a rayuwata, duka na kamfani guda. Ta farko okaziyo ce, wana ya saya mini da na shiga Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Da ta biyu na rubuta memuwar ɗina. Duk wanda ya tambaye ni wace zai saya, sunan kamfanin nan nake faɗa masa, abokaina har suna ce mini wakilinsu. Da na fara aiki sai na yi adashi na sayi ta uku sabuwa fil cikin kwali, jika ɗari uku da hamsin, da takardar garanti ta shekara ɗaya.

Wata takwas ta yi. Wata safiya na danna, shiru. Na hau mota na yi kilomita wajen 180 zuwa Yamai. Mai shago ya juya takardar ya ce, "Abokina, wannan garantin na inda aka saro ta ne, ba namu ba ne." Na shiga shafin kamfanin, aka ce in zaɓi ƙasata. Na yi ta ja ƙasa ina neman Nijar, babu. Na aika imel da Faransanci, bayan kwana tara amsa ta zo: in aika ta cibiyarsu a ƙetare, kuɗin kai da kawowa a kaina. Da na sake rubutawa sai wani ya amsa da tambayoyin da na riga na amsa. Ranar na gane cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kun san wanda ya tashe ta? Wani yaro mai gyara a rumfar kwano. Ya auna, ya gano ɗan ƙaramin abu ne ya ƙone a hanyar caji, ya ciro irinsa daga wata matacciya ya liƙa. Jika goma sha biyar. Amma kafin nan na yi wata biyu ba aiki, wani aikin rubuta rahoto da na karɓa kuma ya wuce ni.

To mu Kurfayawa mun san ciniki. In ka sayi saniya a kasuwar Filinge, dillali ne tsakani. In ta fito ta sata ce, ka san ƙofar gidansa, la'adar da ya ci ita ta ɗaure shi. Ta yaya mai sayar da saniya zai tsaya bayan kayansa, kamfanin da ke cin kasuwar duniya ya kasa?

Kada a ce mana haka abin yake ko'ina. A Tarayyar Turai doka ta ba mai saye garantin shekara biyu a kan kaya sabo. A Faransa, tun 1 ga Janairun 2021, dole a nuna wa mai sayen kwamfutar hannu makin da ta samu cikin goma wajen sauƙin gyara. A 2024 Tarayyar ta yi doka a kan haƙƙin gyara. Ku dubi kuma Windows 10: Microsoft ya daina kula da shi ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali kwamfutoci da yawa masu lafiya ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba. Ƙungiyoyin masu saye na Turai suka matsa, aka ba su ƙarin shekara guda ba tare da wasu daga cikin sharuɗɗan da aka gindaya wa sauran duniya ba. Ba don an fi son su ba ne. Sun haɗa kai, suna da hukumar da ake jin tsoro.

Su kuma tsofaffin da suka ajiye, ina kuke zato za su sauka? A kasuwanninmu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, wadda aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ga zafinmu na watan Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ke zuwa tana tafiya. Inda na'ura ta fi shan wahala, nan ne aka fi barin ta ba mai kula.

Mu ma muna da laifi. Muna biyan jika ɗaruruwa mu fito ba ko rasit, don muna jin kunyar mai shago. Alhali Nijar na da dokar kare masu saye tun 2015, akwai kuma ƙungiyoyi irin su ADDC-Wadata da suka daɗe a wannan fage. Doka ba ta aiki in ba wanda ya kai ƙara.

Don haka ga abin da nake roƙo. Daga yau kada wanda ya sayi kwamfuta ko waya sai an rubuta masa rasit da lambar na'urar, da watannin garanti, da sunan wanda zai gyara in ta lalace. In ya ƙi, shago na gaba. Sannan mu buɗe littafi a nan: duk wanda aka yi wa irin tawa ya zo da takardarsa mu rubuta, in sun taru mu kai wa ƙungiyoyin masu saye da ma'aikatar kasuwanci. Kukan mutum ɗaya surutu ne, na mutum ɗari hujja ce. Wanda kuma tsohuwar kwamfutarsa ta kasa ɗaukar sabon Windows, kada ya yar, ya kawo a sa mata Linux, kyauta ne. Ƙannenmu masu sha'awar gyara mu tura su su koya, don kada kowane ƙaramin abu sai an je Yamai.

Kwamfutar tawa ga ta nan kan tebur, da ita na rubuta wannan jawabi. Tambarin kamfanin na nan a bayanta, amma in an tambaye ni yau, sunan mai gyaran nake faɗa.

Littafin yana bakin ƙofa, a fara rubutawa kafin a watse.