Ɗari da gidajenmu: jawabin malamin lakwal a taron ƙungiya

Iyayena da ƴan uwana mutanen Guci.

Ga mu tsakiyar ɗari. Tun watan Disamba iskar gabas ke busowa, hazo ya rufe rana, kaushi ya tsattsage ƙafafu. Da asuba kowa na bakin murhu. Abu ukku nike son mu tuna.

Na farko, wuta. Tsofaffinmu na shiga ɗaki da garwashi cikin kasko. Shibci da dangar kara ba su jure ko tartsatsi guda, ga rumbuna cike da hatsin bana. A kashe wuta kahin a kwanta. Wajen neman itace kuma a bar gawo, shi ke gyara mana gona.

Na biyu, yara. Ƙarfe takwas na sahe rabin ajina ba su iso ba. Waɗanda suka zo, wasu riga guda gare su, hannu na rawa har alli na faɗuwa. Ku sa musu riga biyu, ku ba su kunu mai zahi, ku turo su.

Na ukku, sanƙarau. Ciwon nan na bin ƙura da busasshiyar iska, ba ya lafawa sai ruwa ya sauka. A ƙarshen 2022 da farkon 2023 ya shiga jihar Damagaram, an yi rashi. In yaro ya yi zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya ƙage, a kai shi likita ranar nan, kada a kwana.

Watan Maris na tahe, sanyi zai sake mu. Allah ya kai mu damana lahiya.