LAIFIN MOTA NE KO NA MAI TUƘI?

Ga jawabin da Magatakardan reshen jam'iyyarmu ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a Darmanawa.

Iyayena da 'yan'uwana talakawa, maganata ta yau a kan mota ce.

A tashar Unguwa Uku kullum ana gardama. Wani ya ce Golf ita ce makasa, wani ya ce Sharon, wani ya ce ai babu kamar tirela da tanka. To, ni na ce mota ƙarfe ce, ba ta da niyya. Bature ya ƙera Golf don mutum 5, Sharon don mutum 7. Mu kuwa sai a cusa biyu a gaba, huɗu a baya, a danne but da buhuna, ga taya ta ci duniya. In aka ce wata mota ta fi yawan haɗari, ku tambaya: wa ke tuƙa ta, da wane kaya, awa nawa ya yi bai runtsa ba?

Tun 2000 da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano giya ta ɓuya, amma maye bai tafi ba, riga ya sake. Ƙwayar tiramol da wiwi da kodin su suka gaje ta, har Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Me ke sa direba shan ƙwaya? Mai mota na jiran balas, ga tsadar mai, ga masu tare hanya. Sai ya sayi ƙarfin da ba nasa ba, ya biya da ranmu.

Ku tuna Majiya ta Jigawa a 2024, inda tankar mai ta kife ta kama wuta, mutum fiye da 150 suka halaka. Ku tuna 'yan wasanmu na Kano fiye da 20 da suka rasu a hanyar Zariya a 2025, sun kusa gida. Mu da ke maƙwabtaka da Asibitin Malam Aminu Kano mun san kukan jiniya.

An kafa hukumar kiyaye haɗura a 1988, an kafa KAROTA a 2012. Muna kira gare su da abu biyu. Su riƙa duba direba da tayarsa tun a tasha, kafin mota ta tashi. Su kuma bayyana wa jama'a lissafin haɗari, wace irin mota, wane dalili, don talaka ya san abin da zai hau.

Ku kuma 'yan kasuwar Tarauni masu fatauci, in kun ga idon direba ya yi ja, ko an yi lodi ya wuce kima, ku sauka gaba ɗaya. Fasinja ɗaya ake yi wa tsawa, ba a yi wa goma. Gara asarar kasuwar yini da a bar marayu.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba talaka sawaba. Wassalam.