Littafin rubutu mai jan bango da jerin Malam

Yau hirar tamu a kan karatu ce, amma bari in fara da abin da ya same ni makon jiya.

Ina kwashe kaya daga tsohon akwati sai na ci karo da wani littafin rubutu mai jan bango, gara har ta ci gefensa. Muna aji huɗu a sakandare malaminmu na Hausa ya sa kowa ya buɗe irinsa. Dokarsa ɗaya ce: duk littafin da ka gama, ka rubuta rana, da sunansa, da abu ɗaya tak da ya tsaya maka a rai.

A shafin farko akwai jerin da ya ba mu. Ya ce mu fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, don a saba da daɗin labari. Sai Magana Jari Ce, duka uku, don a ga yadda ake sarrafa harshe. Sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga nan Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan fasa-ƙwauri da cin hanci. Na ƙarshe Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ya ce musamman mu maza mu karanta, mu ji abin da mace ke haɗiyewa a gidan aure.

To, kun san me na rubuta a ƙarƙashin Shaihu Umar? Wai tafiyar hamada a kan raƙumi ta burge ni, ina ma ni ne. Wallahi haka na rubuta! Malam bai yi mini faɗa ba. Da jan biro kawai ya sa: ka sake karantawa in ka girma.

Na nemo shi na sake karantawa cikin dare biyu. Wannan karon ko ta kan raƙuman ban bi ba. Uwar Umar na gani, wadda ta bar gida neman ɗanta da aka sace, har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Sai da na ajiye littafin na kira mahaifiyata.

Littafin yana nan yadda yake. Ni ne na canza, kuma ba don wannan layin da na rubuta ina yaro ba, da ban taɓa sani ba.

Yanzu muna shanye labarai a waya, shafi ɗari a dare ɗaya, bayan wata guda ko sunan jarumar ba ma iya tunawa. Don Allah ku sayi ɗan littafin rubutu. Ku ɗauki ɗaya cikin biyar ɗin nan, in kun gama ku rubuta layinku ɗaya, ku sa rana.

Malam dai ya rasu ban kai masa amsa ba. Allah ya jiƙansa da rahama. Sai mun haɗu a shiri na gaba.